Gingimari Yana Kwance a Kalmalo, Lawali

Zuwa ga taubashina Lawali, duk inda kake a ƙasar Allah.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa mutanen gida, na Illela da na Ƙonni, kowa yana nan da ransa. Iyakar ladabin da na tanadar maka ke nan. Sauran maganar da rai a ɓace zan yi ta.

A shafinmu na labari nake rubuta maka, a gaban kowa, saboda lambarka ta daina shiga tun ba ka daɗe da tafiya haƙar zinariya can bayan Agadas ba. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ko sallama babu. Masu bin shafin za su karanta, to su karanta ɗin, da yawansu da hannunsu a cikin abin da ya faru.

Ka tuna ranar da ka jingine mashin ɗinka na kabu-kabu a ƙofar shagona na tura finafinai, ka zaro memori daga aljihu, ka ce ka kawo mini fim ɗin zane daga Ƙonni wanda ya fi duk tarkacen da nake tura wa mutane? Da Faransanci yake, ni kuwa ko gaisuwa ba na ji. Ashe ba a ma bukatar ji, don jarumin ba ya magana. Ƙaton mutum ne na yumɓu, ba ya fara dukan kowa, aikinsa kawai ya sa kafaɗa ya tare ginin da zai faɗo wa mutane har su fice. Kai ka sa masa suna Gingimari, kuma har yau a garin nan ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya.

Ni kuma gwanina na wani fim ne daban, na Turanci, ɗan siririn nan mai ratsa bango mai bakin tsiya, wanda muke ce wa Hayaƙi. Musun wa zai kayar da wani ya ƙi ƙarewa tsakaninmu, har ka ce mu haɗa su a labari ɗaya mu gani. Masu finafinan ba su san juna ba, ƙasarsu ma ba ɗaya ba, mu muka haɗa jarumansu a tsakiyar kasuwar Illela, wajen masu albasa.

Kai ka kafa dokar, kuma daga sana'arku ka ɗauko ta. Yadda ɗan kabu-kabun Illela yake sauke fasinja a bakin iyaka, na Ƙonni ya ɗauka, haka za mu yi. In rubuta babina, in kawo Hayaƙi har gaban Gingimari, in tsaya. Kai ka ɗora daga nan. “Kowa shi tuƙa nashi,” in ji ka. Shafin ba ya nuna sunan wanda ya rubuta, amma ba wanda ya taɓa ruɗewa. In Hayaƙi ya motsa, Nura ne. In Gingimari ya motsa, Lawali ne.

Sai ka yi mana muguntar da ka saba. Babinka na ƙarshe ka bar Gingimari tsaye a cikin tafkin Kalmalo, ruwa har ƙirji, ya ɗaga kwalekwalen masunta da ya fashe a kan kafaɗa, jikinsa na yumɓu ya fara jiƙa. Ka tsaya a nan, ka ɗaure jakarka ka yi arewa. Tun daga ranar nake ta zagaye da Hayaƙi a bakin tafkin, yau ya nemo igiya, gobe ya yi faɗa da kada, don dai kada labarin ya mutu kafin ka dawo.

Akwai abin da ba ka sani ba. Goggo, mahaifiyarka, wadda take ce wa rubutun nan namu aikin banza, tun da ka tafi take sa ƙanwarka Rabi ta riƙa karanta mata tsofaffin babobinka. Ba ta san Hayaƙi ba, ba ta ma son jin nawa, in Rabi ta zo kansa sai ta ce a tsallake surutun Nura. Naka kawai take so. Ta haddace dokarmu fiye da mu, don ita ta zame mata alama: duk ranar da ƙaton nan ya motsa, ɗanta yana raye.

To kwanan nan kashi na biyu na fim ɗin Gingimari ya fito, har da fassarar Hausa, kuma gara da ba ka gan shi ba. Sun goge shi ya yi sumul kamar sabuwar randa, duk tsagar nan ta jikinsa da kake so babu. Sun ba shi baki, Lawali! Mutumin da darajarsa duka shirunsa ne, sun mayar da shi mai wa'azi, ba ya ɗaga ko tsinke sai ya yi bayani. A ƙarshe kuma suka kashe shi, ya narke yana jawabi, ana kiɗa mai sa kuka. Na tura wa mutane shi don sana'ata ce, amma duk wanda na tura wa sai na gaya masa ɓata wurin memorinsa zai yi.

Shagona ya koma filin musu. Wasu suka ce an kyauta, jarumi sai da mutuwa yake cika. Wasu suka ce zanen ya fi na farko kyau, wai ruwan ciki kamar ka ɗiba ka sha. Wani ma ya ce shi bai taɓa gane na farkon ba, yanzu da ƙaton yake magana ya fahimci abin da ake ciki. Na ce masa ya je ya saurari rediyo. Duk wannan musu ne na masu kallo, kowa da idonsa, ban riƙe kowa a rai ba.

Wanda na riƙe shi ne Sirajo ɗan canji. Ka san shi sarai, kai da kanka ka ba shi mabuɗin sirri na shiga shafin, don ya riƙa ɗora maka babinka in sabis ya ƙi a Ƙonni. Na ce maka mutumin nan kansa yana rawa, ka ce ai mai karatu ne. Sirajo ya kalli sabon fim ɗin ya yi kukansa, ya ga cewa tunda masu abu sun gama da abinsu, kuma kai ba ka nan, shi ya kamata ya rufe mana labari. Bai tambaye ni ba. Ya zauna a kan bencinsa ya rubuta babi guda ya ɗora.

Ina buɗe shago da safe Rabi ta kira ni, ba ta ko gaishe ni ba. “Yaya Nura, ya rubuto! Gingimari ya motsa!” Nan take na zauna a kan dakali na buɗe shafin. Ban yi nisa ba na ga inda Gingimari ya buɗe baki ya ce wa masunta kada su ji tsoro. Nan na san ba kai ba ne. Ko wuƙa aka sa maka a wuya ba za ka ba shi magana ba.

Na sake kiran Rabi, wayar ba ta shiga ba, ta riga ta cika da kiran dangi. Kafin azahar Goggo ta sa an soya waina an raba sadaka, ta aika an sayo goro, matan unguwa sun cika tsakar gida suna yi mata barka. A gabansu Rabi ta karanta babin har ƙarshe, inda Gingimari ya ajiye kwalekwalen a gaɓa, ya yi doguwar bankwana, ya narke ya kwanta a cikin laka. Sai Goggo ta share ido ta ce, “Shi kashe shi in ya so. Tunda hannunai na ar rubuta, ya ishe ni.”

Na sami Sirajo a gindin bishiyarsu ta 'yan canji, ban ko yi masa sallama ba. Ka san abin da ya ce mini? “Mi ni yi? Zane na hwa, ba mutun na ba. Masu abin ma sun kashe abinsu.” Da ba a riƙe ni ba da na kifar da bencin nan da kuɗin sefar da ke kai. Masu fim ɗin suna da ikon kashe nasu, can su da Allahnsu. Wannan na cikin tafkin Kalmalo ba su suka tsayar da shi a can ba, ba su ma san akwai Kalmalo a duniya ba. Naka ne, kuma Sirajo ya fi kowa sanin haka.

Su kuma masu bin shafin, ina ganin abin da suka rubuta a ƙasan babin. Wannan ya ce ƙarshen ya yi daɗi, wancan ya ce ya fi na fim ɗin ma taɓa zuciya, wani ya ce dama labarin ya daɗe yana jan ƙafa. Mutanen da suka san ka, waɗanda ka sha ɗauka a mashin kyauta, ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya rubuta. Da suka gane kuma, shawarar da suka ba ni ita ce in yi shiru in bar tsohuwa da farin cikinta. Wai me zai ragu? Kowa ya iya ba da wannan shawara tunda ba uwarsa ba ce za ta zauna tana jiran babi na gaba.

Na ƙetara Ƙonni washegari. Na sami Goggo tana tsince shinkafa, sauran goron barka yana cikin faranti a gefenta. Ta tarbe ni da fara'ar da rabona da ganinta tun kana nan, har da tsokanata wai ɗanta ya fi ni iya rubutu. Na durƙusa na gaya mata. Ban yi kwana-kwana ba, don in na fara ba zan iya ƙarasawa ba. Ta ture shinkafar gefe ta sunkuyar da kai.

Da ta ɗago, ba Sirajo ta tambaya ba, ba ta ma zage shi ba. Cewa ta yi, “To tada shi kai. Ai kai ma ka iya rubutun.” Lawali, ban taɓa jin abu ya yi mini nauyi kamar wannan roƙon ba. Layi biyu ne, in ce yumɓun ya haɗu ya miƙe, shi ke nan ta yi barci. Amma in na taɓa shi yau, gobe in ya sake motsawa ba za ta san ko kai ne ko ni ba, alamar da ta rage mata guda ɗaya ni zan ƙarasa kashe ta. Na ce mata ba zan iya ba. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Har yau in na kira Rabi na ce a ba ni ita, sai a ce tana salla.

Yanzu saura kai. Wani direban babbar mota ya rantse ya gan ka a tashar Agadas, ka yi baƙi ka rame amma da ƙafarka kake tafiya. Ban san ko gaskiya ba ne. In gaskiya ne, to ka fi Sirajo laifi nesa ba kusa ba, don shi wauta ce ta ja shi, kai kuwa ka san wadda ka bari a gida. In kunyar dawowa hannu wofi kake ji, wa ya aike ka ka kawo zinariya? Uwarka ta raba waina saboda rubutun da ba naka ba ne, ka ji kunyar wannan.

Na ƙwace mabuɗin shafin daga hannun Sirajo, na mayar da shi wancan na farko da ni da kai kaɗai muka sani. Babinsa kuma ban goge ba, da gangan na bar shi. Na san halinka. Sau ɗaya na taɓa rubuta cewa Gingimari ya ƙifta ido, ka baro fasinja a bakin iyaka ka zo har shagona ka tsaya a kaina sai da na cire. Ina so ka karanta abin da aka yi masa, ranka ya ɓaci yadda nawa ya ɓaci, ka ari wayar ko wane ne ka shigo ka zage mu duka.

Ba babi nake roƙo ba, ɗan'uwana. Layi ɗaya ya isa. Ka ce yatsansa ya motsa a cikin laka, kada ka ba shi magana, Rabi za ta gane, ni ma zan gane. Na yi kewarka, bawana, har musun banzan nan naka na yi kewa. Shagon nan cike yake da masu surutu amma ba wanda nake jin daɗin faɗa da shi.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya kare ka daga ramin da ke ruftawa da hanyar da ke ɓatar da mutum. In kana cikin ƙunci Allah ya buɗe maka, in taurin kai ne Allah ya sassauta zuciyarka. In kuma abin da ba ma faɗa ne ya faru, Allah ya sa wani mai imani ya tsaya a kanka, ya kuma kawo mana labari ko da mai ɗaci ne. Allah ya ba Goggo haƙuri, ya sa ta yafe mini.

Ni ba zan taɓa shi ba. Yana nan kwance inda aka bar shi, sai ka zo.

Naka, mai fushi da kai,
Nura, Illela.