Abokina ya yi mini ƙarya a gindin dutse, ga shi zai bar Jidda

Hajiya Mansura, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ba ni da wanda zan faɗa wa a nan, domin duk wanda na duba da hannunsa a ciki.

Ni dattijo ne, na haura sittin. A Karantina aka haife ni, nan Jidda, unguwar da yanzu ko bangonta babu. Na yi karatu har jami'a a Alƙahira, labarin ƙasa na karanta, na dawo ina ganin duniya za ta buɗe mini. Ba ta buɗe ba. Na koyar a wata makaranta har aka rufe ta, na ƙare da bin ofisoshi ina sabunta wa mutane iƙama, wato takardar izinin zama, wasunsu ko sunansu ba su iya rubutawa. Ba don ki tausaya mini na kawo wannan ba. So nake ki gane abu ɗaya ya rage mini wanda in ina kansa nake jin ni ma mutum ne, shi ne babur, dabbab a bakin mutanen nan.

Muna da ƙungiyar masu babur, yawancinmu jikokin alhazan da suka zo ba su koma ba. Ran Juma'a mu hau hanyar Hada zuwa Ɗa'ifa, lokacin hutu mu nausa Abha. Ni da Abdulgani muka kafa ta. Abdulgani abokina ne tun muna yawo ba takalmi, shi ne babban abokina ranar aurena, tare muka binne iyayenmu.

Ni na kawo maganar arewacin Pakistan, hanyar da ta ratsa Hunza ta yi ta hawa har iyakar Sin. Tun ina ɗalibi nake bin ta da yatsa a taswira. Shekara da shekaru ina damunsu suna yi mini dariya, har bara Allah ya yi. A can muka yi hayar babura, da jagora, da makanike mai bin mu a motar kaya. Tun a filin jirgi, kamar yadda muka saba a kowace tafiya, muka naɗa amiri, wanda in ya ce a tsaya an tsaya, babu musu. Ni da bakina na ce Abdulgani.

Mu mutanen bakin teku muna zaton Abha ita ce dutse. A Pakistan na gane tudu ce. Kaina ya yi ta sara, in na ɗaura takalmi sai na huta, amma ai haka kowa yake, kuma ban taɓa faɗuwa ba, ban taɓa tsayar da ayari ba.

Da safen da za a yi hawan ƙarshe, makaniken ya ce baburina ya ƙi tashi, wani abu ya ƙone a wutarsa, ba a samunsa sai a birni. Aka ce motar kaya ma ba za ta hau ba. Abdulgani ya dafa kafaɗata ya ce ƙaddara ce, idonsa har da ƙwalla. Hajiya, ni ne ma na lallashe shi. Na ce yalla, su tafi kada rana ta yi. Na yini a masauki ina shan wani shayi mai gishiri, ina kallon wata tsohuwa tana shanya 'ya'yan itacen mishmish a kan soro, ina roƙon Allah ya sauko da su lafiya.

Da muka dawo aka yi walima. Fawaz, wani matashi a cikinmu, ya haska bidiyon tafiyar a bango. Ana cikin shewa sai ga can ƙololuwa, kusa da ƙofar iyaka, ga baburina da jan ƙyallen da na ɗaure masa don in riƙa gane shi, makaniken nan a kai yana ɗaga wa kyamara hannu. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mamaki sai ni.

Abdulgani ya biyo ni waje. Wai 'yata Zakiya ta kira shi kafin mu tashi, ta gaya masa abin da likita ya ce game da zuciyata, ta sa ya yi mata alkawari. Wai kuma ya ga leɓɓana sun yi shuɗi. Ita Zakiya da na tambaye ta ko musu ba ta yi ba.

Abin da ya kasa wuce mini shi ne, shi fa amiri ne. Da ya dube ni ya ce halas, magana ta ƙare, ba za ka hau ba, dole in bi. Amma ya tara samarin da ni na koya wa riƙe kan babur, suka shirya mini wasan yara, suna kallona ina yi musu addu'a. Kuma a shekaruna na san ba zan sake ganin hanyar nan ba.

Tun ranar ban yi masa magana ba. Na bar ƙungiyar. Zakiya in ta aiko da abinci a rufe nake mayarwa. Yanzu kafilin Abdulgani, ubangidan da zamansa a ƙasar ke hannunsa, ya rufe shago, an buga masa fita ta ƙarshe, ƙarshen watan nan zai tafi Kano, garin da bai taɓa kwana ba. Ya aiko ya sake aikowa yana son ganina. In na je, kamar na ce abin da suka yi daidai ne. In ban je ba, ba na jin za mu sake haɗuwa a duniya. Yaya zan yi?

Wanda aka bari a masauki, Jidda.

Wa alaikumus salam, Baba.

An yi maka ƙarya, kuma kada ka bari kowa ya ce maka ba komai ba ne. Zakiya ta ɗauki sirrin lafiyarka ta kai wa wani ba da saninka ba. Abdulgani yana da ikon da kai ka ba shi, ya ji tsoron amfani da shi, ya ɓuya bayan makanike, kuma ya jawo yara cikin abin da ya kamata ya tsaya tsakanin dattawa biyu. Fushinka yana da dalili.

Amma zan tambaye ka abin da wasiƙarka ta tsallake. Da ka naɗa shi amiri, ka gaya masa abin da likita ya ce? Ban ga inda ka faɗa ba. Ka ɗora masa ranka, ka riƙe abin da ya fi buƙatar sani. Sannan ka ce da ya umarce ka da ka bi. Baba, mutumin da ya yi watanni yana mayar wa 'yarsa kwano a rufe, da wuya kalma ɗaya ta sauke shi daga babur a gindin dutsen da ya yi rayuwarsa yana mafarki. Abdulgani ya san ka fiye da yadda na san ka. Mai ciwon zuciya a wannan tsayin, asibiti na nesa, da wani abu ya faru shi zai kira Zakiya. Ya zaɓi hanya mara kyau, amma ba don ya wulaƙanta ka ba.

Zuwa wurinsa ba ya nufin ka wanke shi. Ka je gidansa, ba filin jirgi ba inda ba a gama magana. Ku biyu kawai. Ka faɗa masa duk abin da ka rubuto mini, har da zafinsa. Ka nemi ya amsa cewa ƙaryar kuskure ce, ya kuma faɗi haka a gaban ƙungiya tunda a gabansu aka yi. Kai ma ka ba shi nasa haƙƙin, ka amsa cewa ka ɓoye masa maganar likita. In ya ƙi, ka dai sauke naka. Ina kyautata zaton ba zai ƙi ba. Wanda bai damu ba ba ya aike sau biyu.

Zakiya kuwa ka kira ta a makon nan. Ka gaya mata ta ɓata maka, sannan ku je wurin likita tare, ka ji da kunnenka iya inda zuciyarka za ta kai ka a kan babur.

Kada ka jira fushin ya huce tukuna, watan ba zai jira ka ba. Ka je masa da shi haka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai Abdulgani lafiya, ya sa ku rabu da alheri.

Hajiya Mansura