Motar Marigayi Tana Ƙin Tashi a Maƙabarta

Zuwa ga Burul Eje,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Ban san ko matsalata ta dace da filinki ba, don rabinta ta mota ce, amma a ƙauyenmu babu wanda zan tambaya maganar ba ta riga ni isa gida ba.

Mijina ya rasu kafin ƙanƙara ta gama narkewa. Bai yi jinya ba. Ya fita ba wa tumaki ciyawa, ya zauna a kan bokiti a bakin garke, shi ke nan. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gunduma, na san abin da na gani tun kafin in taɓa shi. Ya bar ni da yara biyu, da mahaifiyarsa da muke kira Apa, da tsohuwar farar motarsa mai kafireto, wadda ta girmi aurenmu.

Da aka kafa tantin makoki a tsakar gida, aka zaunar da ni ina fuskantar bango don in yi masa koshok, waƙar kukan da kowa ke jira daga bakin matar mamaci. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Mata cike a bayana suna jira, ni kuwa ina kallon wani wuri da bangon ya yage, ina tunanin da wane zare za a ɗinke shi. Da shirun ya yi yawa, wata gwaggonsa ta karɓa ta yi. Har yau ban yi kuka ba, Eje. Ba daurewa nake yi ba. Ina dafa abinci, ina yi wa mutane allura, ina yi wa yarinyata kitso, ina barci. Kawai dai babu abin da ke isowa inda nake.

Ina da lasin tun ina budurwa, amma da yana raye ban cika tuƙi ba. Aikina da motar ɗaya ne, in fita da sassafe in tayar masa ita ta yi ɗumi kafin ya gama shan shayi. Shi ya koya mini. Ya ce, "Ki jawo cok har ƙarshe, ki taka totur sau biyu, sannan ki murɗa makulli. Kada ki roƙe ta, tsohuwar nan ba ta son roƙo." Haka nake yi duk tsawon zamanmu, ba ta taɓa ba ni kunya ba, ko ranar da ruwan tulu ya daskare.

Bayan an yi arba'in na fara zuwa aiki da ita. Ranar Alhamis kuma, idan mun gama suyar boorsok, irin fankenmu, don ƙamshin mai ya tashi saboda waɗanda suka riga mu, sai Apa ta ɗaura kallabi ta ce in kai ta wurin ɗanta. Maƙabartarmu a kan tudu take bayan ƙauye, hanyar duk duwatsu, da giya ta ɗaya ake hawa tun daga gada har ƙofa. Gwiwoyin Apa ba za su iya ba. Muna isa ta yi addu'a mu shafa, ni in cire ciyawa a gefen kabarin. Ba ma daɗewa, bai wuce a sha shayi kofi biyu ba. Sai mu dawo mota, in yi yadda ya koya mini, injin ya yi ta juyawa, ya yi tari, ya ƙi kamawa. Warin fetur ya cika motar. In ƙara taka totur, in ƙara murɗawa, har batir ya fara ja da ƙyar. Sai mun zauna wajen awa guda sannan ta tashi da baƙin hayaƙi, tana rawa.

Abin da ya ɗaure mini kai, a ƙofar gida da safe bugu ɗaya take tashi. A asibiti da yamma, bayan ta wuni a tsaye, bugu ɗaya. A can ne kawai take ƙi, kuma tun da zafi ya shigo ba ta tsallake Alhamis ko ɗaya ba.

Na kai ta wurin Esen, makanikin da mijina ya saba da shi. Ya canza fulogi. Da na koma ya wanke kafireto, ya duba batir, ya ce in bar ta ta kwana. Washegari ya tayar da ita a gabana, ya bugi murfin injin ya ce, "Yaya, motar nan ta fi ni lafiya, ni da safe sai an jawo ni daga bargo." Na ce masa a maƙabarta take ƙi. Sai ya daina dariya, ya goge hannu, ya ce shi iyakarsa ƙarfe.

Da farko Apa cewa take, "Ba ya son mu tafi ne. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya son a bar shi shi kaɗai." Har murmushi take yi. Daga baya maganar ta juya. Wata Alhamis muna zaune a motar, ba ta kalle ni ba, ta kira ni yadda ake kiran matar ɗa a wurinmu, ta ce, "Kelin, akwai abin da yake jira daga gare ki. Ranar makoki ni ban ce komai ba, amma shi ya ji shirunki." A gida ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai ya fita gari. Rannan a shago wata maƙwabciya ta ce da ta kusa da ita, yadda zan ji, "Motar ma ta fi wasu sanin an yi rashi." Na sayi gishirina na fito. Ban ji haushi ba.

Yanzu yayan mijina ya shigo maganar. Ba zan kira sunansa ba, kin san kelin ba ta kiran sunan dangin miji, Babban Yaya nake ce masa. Ba mugu ba ne, shi ya kawo dokin da aka yanka ranar jana'iza, shi ke duba mana tumaki. Ya ce wannan Alhamis ita ce ta ƙarshe. Idan motar ta sake ƙi, zai karɓi makulli ya kai ta kasuwar motoci, ɗansa ya riƙa kai Apa da Sallah, ni kuma in daina hawa tudun. "A bar ƙanena ya huta," haka ya ce. Na ce to.

Motar ba ta dame ni ba, akwai bas. Tudun ne ba na so a hana ni, kuma ban san dalili ba, don a can ma ba na jin komai. Wataƙila don can ne kawai babu mai leƙa fuskata yana neman hawaye. A awar nan da muke jira, Apa takan yi ta ba da labarinsa, yadda ya faɗa a rafi yana bin maraƙi, yadda ya ƙi cin albasa har ya yi gemu. Ina saurare ina kallon duwatsu.

Na yi karatu, Eje, na san injin ba ya jin maganar kabari. Amma Alhamis da ta wuce na kama kaina ina murɗa makulli ina cewa a hankali, "Me kake so?" Ki gaya mini gaskiya, motar ce ko ni ce? Idan ni ce, yaya ake yin kukan da bai zo ba?

Kelin mai farar mota, daga wani ƙauye a Talas

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan mijinki, ya raya yaran da ya bari. Bari in fara da motar, don ita ce mai saurin magani. Na tuƙa irinta shekaru da yawa, kuma ta zaunar da ni a gefen hanya har sai da na koyi halinta.

Injin da ya kwana a sanyi mai yake nema da yawa, shi ya sa ake jawo cok a toshe masa iska, a taka totur a ƙara masa fetur. Injin da ya hau tudu da giya ta ɗaya cikin zafin rana ba haka yake ba. Kina kashe shi fanka ta tsaya, zafin ya taru a ƙarƙashin murfi, fetur ɗin da ke cikin kafireto ya tafasa ya riƙa malala cikin injin. Kafin Apa ta shafa addu'a ya riga ya sha ya ƙoshi. Sai ki zo ki toshe masa iska, ki yi ta taka totur, kamar mai ɗura wa yaron da ya ƙware ruwa. Warin fetur da baƙin hayaƙin nan su ne shaidata. Awar da kuke zama ita ce lokacin da man ke bushewa. A asibiti motar wuni take yi ta huce, shi ya sa ba ta ƙi. Esen kuwa ya duba ta da safe, lokacin da ba ta da ciwon.

Ga abin da za ki yi. Idan kun isa, kada ki kashe nan take, bar ta ta ɗan yi aiki a tsaye, sannan ki ɗaga murfin injin iska ta shiga. Idan za ku tafi, kada hannunki ya taɓa cok. Ki danna totur a hankali har ƙasa, sau ɗaya, ki riƙe shi a nan ba ɗagawa, ki murɗa makulli. Za ta ɗan ja kafin ta kama. In ta wuce 'yan daƙiƙu ki saki makullin ta huta, ƙafarki tana nan a ƙasa, ki sake. Tana kamawa ki sassauta ƙafa.

Kada ki jira Alhamis. Gobe ki ɗauki Babban Yaya ku hau wani tudun da ba a binne kowa ba, hanyar makiyaya ma ta isa. Ku tsaya kaɗan, ki gwada tayar da ita irin ta safe a gabansa, za ki ga ta ƙi. Sannan ki gwada yadda na faɗa. Mutumin da ke duba miki tumaki ba neman ki da sharri yake ba, tsoro ne ya kama shi, kuma abin da ya gani da idonsa zai fi maganata shiga kunnensa. Idan ta ƙi duk da haka kuma babu warin fetur, to kwayil ce ke gajiya da zafi, ko famfon mai. Ki sa Esen ya hau tudu ya duba ta da zafinta, ya duba allurar da ke tsayar da mai a kafireto. Ya ce iyakarsa ƙarfe, to wannan ƙarfe ne.

Mijinki ya san duk wannan, duk mai irin motar nan ya sani. Bai koya miki ba ne don duk lokacin da injin ya yi zafi shi ne a gaban sitiyari, ke kina gefe. Bai taɓa kawo wa ransa ranar da za ki juyo da motar gida babu shi ba.

Batun kuka kuma, ba zan ce ki matsa wa kanki ba, ba a tatsarsa. Wasu ranar farko yake zuwa musu, wasu sai bayan shekara, suna tsakiyar wanke tukunya. Macen da ba ta damu ba ba ta hawa dutse duk Alhamis ta cire ciyawa. Mamaci addu'a yake buƙata, kuma kina kai masa ita. Sai dai ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san abin da za ki gaya wa wata. Idan abinci ya fara gagara, ko barci, ko kin ji yaranki ma sun yi miki nisa, ki sami likita cikin abokan aikinki ki faɗa masa da bakinki.

Maganar da Apa ta faɗa miki ba daidai ba ce, kuma ta yi nauyi. Amma ki duba inda take tsaye. Ta binne ɗan da ya kamata ya binne ta, sai ga wani abu duk mako yana nuna mata kamar yaron yana jin zuwanta, yana riƙe mata riga. Shi ya sa nake gargaɗinki. Ranar Alhamis motar za ta tashi, in Allah ya yarda, za ki tsira da makullinki da tudunki, masu gulma a shago su nemi wani zancen. Amma kada ki sa ran Apa za ta yi murna. A wurinta, ranar ce ɗanta zai daina magana. Kada ki ce mata "kin gani ko". Ki kashe injin, ki ce mata ba sauri kuke yi ba, ki tambaye ta me ya faru bayan an tsamo shi daga rafin.

Allah ya sanyaya zukatanku ke da ita, ya kai ku tudun lafiya ya sauko da ku lafiya.

Yayarki,
Burul Eje