Ɗana Ya Yi wa Tsohon Bayahude Kuka

Malam Audi, ka taimake ni kafin zuciya ta ɗebe ni. Ni Bakano ne, ina aiki a wata saidaliyya, wato kantin magani, a nan Madina, muna zaune a unguwar Ƙurban. Ɗana Tahir na tura Kanada karatu, ya dawo mini da ilimin duwatsu da baki kamar reza. Kwanakin baya mun kai baƙi ziyara Uhudu, sai yaron nan ya ɗauki tsakuwa yana gaya wa ƙanwarsa Sundus wai ta shekara miliyan ɗaruruwa. Ni kuwa tun ina gaban malaminmu a Kano na ji cewa duniya ba ta wuce shekara dubu bakwai ba. Na buge tsakuwar daga hannunsa a gaban kowa.

Na san inda ya kwaso wannan. Yana da wani aboki can, Bayahude, Shimon, tare suka yi karatu, har yau suna rubuta wa juna. Uban Shimon babban malami ne a cikinsu, kuma a lissafinsu duniya ba ta cika shekara dubu shida ba. Da ɗan ya dage kan abin da ya auna a duwatsu, uban ya hana shi shiga gida. To wanda bai ji maganar ubansa ba, me zai koya wa ɗan wani? Na tsani yaron nan, ko sunansa ba na son ji.

Na ce Tahir ya zaɓa, ko ni ko shi. Ya kwashe kayansa ya koma wajen wani abokinsa a unguwar Ranuna. Uwarsa sai cewa take ai ba ya fashin salla a masallacin Ƙuba, kamar shi ke nan magana ta ƙare. Makon jiya Tahir ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ido jawur, wai uban Shimon ya mutu bai sake yi wa ɗansa magana ba, kuma Shimon bai isa ba sai bayan an rufe shi. Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Tahir ɗin da ko hawaye bai yi ba ranar da yayana ya rasu. Na ce halas, an gama, ya fita mini daga gida.

Yanzu ya sami aiki a Dammam, bayan Salla zai tafi, kuma na yi niyyar ba zan sa masa albarka ba. Ina laifina?

Uba Mai Takaici, Ƙurban

Alhaji, na fahimci tsoronka, imanin ɗanka kake ji wa. Tahir ma ya yi wauta, wurin ziyara ba ajin lacca ba ne. Amma dubu bakwai ɗin nan, malamai ga su nan a Harami, ka je a nuna maka ayar. Ni dai ban san ta a Alƙur'ani ba.

Gardamar gidan su Shimon tsohuwa ce a tsakaninsu. Wasu malamansu sun ce kwanaki shida na halitta irin kwanakinmu ne, wasu sun ce a'a. Ba kai za ka raba musu ba, kuma ba ka da hujjar tsanar yaron da ba ka taɓa gani ba. Kullum kana miƙa wa mutane magani, yaushe ka taɓa tambayar addinin wanda ya haɗa shi?

Kukan nan kuwa ka yi masa gurguwar fahimta. Tahir bai san tsohon nan ba. Ya ga abokinsa ya isa bayan an rufe kabari, shi ne ya rugo ƙofarka tun kana da rai, kai kuma ka kore shi.

Kada ka aika uwarsa. Ka je Ranuna da ƙafarka, ka taho da shi ku ci abinci kwano ɗaya, a bar zancen dutse sai zuciya ta huce. Ka sa masa albarka kafin ya kama hanya, don babu wanda ya yi maka alkawarin za ka ga dawowarsa. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya haɗa kanku.