Sadakar alkama da zuma

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

Tsohuwar nan 'yar Romaniya da nake jinyarta a unguwar Bronx, nan Amurka, ta rasu. Kullum hirarta ƙaramin garinsu ne: majami'ar kakanninsu a kan tudu, da ramin haƙar gishiri da aka rufe, matasa suka watse. A al'adarsu, ana dafa alkama da zuma a yi wa mamaci sadaka. Ba ta da kowa, sai na dafa. Na bi ƙofofin maƙwabta, ba wanda ya buɗe. Ni kaɗai na ci, a tsaye.

Yaya, ki riƙa ambatona a gaban yara. Ku sa ni a addu'a, a gaida Inna.

Ƙanwarki,
Rabi