Baba, An Gano Laifin Motar Alhaji

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna direba, a Agadas.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Umma da ƙannena suna gaishe ka. Na roƙi Anti Balki ta sa wannan wasiƙa a shafinta na intanet da jama'a ke karantawa, domin a fili aka ɓata maka suna, a fili nake so a wanke shi.

Wata bakwai ke nan da ka bar Daura. Ka san abin da ya kore ka, amma masu karantawa ba duka suka sani ba. Kana tuƙa Alhaji, dillalin shanun da ka yi wa aiki shekara goma sha ɗaya, motar ta kwasa da gudu a hanyar Dutsi ta faɗa rami. Alhaji ya karye a hannu. A zaurensa ka rantse cewa ka ɗauke ƙafa daga totur, ka taka birki, motar ta ci gaba da ja. Suka yi dariya. Wani ya ce mota ba ta da aljanu, sai dai direba ya sha wani abu.

Daga ranar ka zama ɗan ƙwaya a bakin mutane. Kai da ko goro ba ka ci! A garin da ake cewa ana bin shari'a, aka yanke maka hukunci ba shaida ko ɗaya. Mutanen da kuke sahu ɗaya a masallaci suka daina ba ka hannu. Ni ma a makaranta an rubuta kalmar a bayan littafina na lissafi. Ban gaya wa Umma ba.

Baba, an gano gaskiya.

Bayan an gyara jikin motar, ƙanen Alhaji ya hau ta zuwa Mai'adua, ta yi masa irin abin da ta yi maka. Allah Ya tsare, bai ji ciwo ba. Shi ba wanda ya ce ya sha komai. Cewa aka yi mota ta lalace, aka kai ta garejin Kawu Sale mai gyaran wayoyin mota.

A nan ne nawa laifin yake. Ranar haɗarin, da safe ka sauke ni a ƙofar makaranta da motar Alhaji. Ka ja, ka tsaya don wasu awaki su wuce, na kuwa lura jajayen fitilun baya ba su kama ba. Kai ka koya mini kallonsu tun ina ƙarama, kana cewa, “Uwata, mota da bayanta take magana.” Na gani, na sani. Amma da aka tara maza a zaure, ina leƙe ta bayan ƙofa, kunya ta hana ni buɗe baki. Na ce wa kaina wa zai saurari 'yar aji biyar.

Da na ji motar tana wurin Kawu, sai na gaya wa Umma, ita ta gaya masa. Ya aiko na je. Ya tsayar da ni a bayan motar, ya taka birki har sau uku, fitila ba ta kama ba. Ya duba fis, lafiya. Ya duba ƙwayayen fitilar, lafiya. Sai ya kwanta ƙarƙashin sitiyari da mitarsa, ya ciro wani ɗan maɓalli daga saman birkin, bai kai babban yatsana ba. Ya mutu murus.

Ya bayyana mini cewa irin wannan mota tana da maɓalli a jikin sitiyari wanda ke riƙe mata gudu ko an ɗauke ƙafa. Shi ma ya buɗe shi, ya tarar datti ya danƙare shi, yana kama kansa ba a taɓa ba. Wanda kuma zai gaya wa motar an taka birki ta saki gudun, shi ne wancan da ya mutu. Duk abin da ka faɗa a zaure, haka yake, kalma da kalma.

Aikin bai kai awa ɗaya ba, Baba. Awa ɗaya! Ba wanda ya ga darajarka ta kai a buɗe murfi a duba kafin a kore ka.

Kawu ya kai wa Alhaji bayani. Amsarsa ita ce, “Allah Ya kiyaye gaba.” Ya karɓi makullinsa ya tafi. Bai aiko gidanmu ba, bai tara mutanen da suka yi dariya ya gaya musu ba. To ni na gaya musu yanzu. Na san wasu za su ce yarinya ta yi rashin kunya. Kunyar nan ce ta sa na yi shiru har ka tafi, ba zan sake ba.

Kawu ya ba ni mataccen maɓallin. Yana cikin gwangwanin da nake ajiye allura, ina jira in sa maka shi a hannu. Ka yafe mini shirun da na yi. Ka dawo ka tsaya a sahunka na gaba, duk wanda zai sunkuyar da kai a masallacin nan, ba kai ba ne.

Allah Ya tsare ka a hanyoyin hamada, Ya saka maka, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

'Yarka,
Hauwa'u, wadda kake kira Uwata