Ƙauyen da na cusa cikin tafiyar ɗalibaina

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu, ina gaishe ku da ƙoƙari. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Wanda kuma bakinsa ke masa ƙaiƙayi ya daure ya kai ƙarshe kafin ya zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ma bai bar ni na ci abinci ba. Sunayen da za ku gani duk na sauya su.

Ni malama ce, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare mai zaman kanta a yankin Tudun Wada. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da kwana-kwana, abin da ke cikina shi ke bakina. Ɗalibai in sun hango ni tafe sai ka ji ana ga ta nan, ga ta nan, kowa na neman kujerarsa. To ni ɗin nan, mai yi wa yara faɗa a kan ƙarya, ni ce na ƙulla abin da na kasa kwancewa.

Kowace shekara muna fita da 'yan aji biyar su ga abin da muke zana musu a allo. In ba madatsar ruwa ta Tiga ba, to duwatsun Ririwai, har yara sun haddace inda mota ke tsayawa a sayi rake. Bana sai mai makarantar ya ce yana so a tsallaka iyaka, mu ma a san da mu kamar makarantun cikin birni. Aka zauna a ofishin malamai. Malam Sabi'u mai koyar da kimiyya ya kawo shawarar Kwatano, ya ce yaran nan 'ya'yan manoma ne, ruwan da ya fi Tiga ba su taɓa gani ba, a kai su su ga teku. Kafin a tashi zancen ya isa aji, yara har tsalle suke. Ni kuwa na miƙe na yi uwa na yi makarɓiya, na ce Nijar za a je, Damagaram. Na ce ya fi kusa, Hausa ake ji, abincinmu ɗaya, iyaye za su fi sakin jiki, kuma kwararowar hamada tana cikin manhaja, tana fitowa a jarrabawa. Wallahi duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba shi ya tashe ni tsaye ba. Malam Sabi'u ya dube ni yana dariya ya ce, "Malama, wannan zafi haka, ko kin bar wani abu a Nijar ne?" Aka kwashe da dariya. Na wanke shi tas, na ce in ba shi da hujja ya yi shiru. Amma gabana ya faɗi.

Na bar wani abu a Nijar. Ɗana na fari.

Aurena na farko wani Banijare na aura, mai sayen masara da yake zuwa kasuwar Ƙafin Maiyaki. Ni na so shi, ba wanda ya tilasta ni. Zaman bai yi ba, muka rabu, da na yaye yaron ya zo ya ɗauki abinsa ya kai wa yayarsa, Yaya Hajo, a ƙauyensu da ke can gaba da Damagaram. Ranar da aka tafi da shi ban fito ba, ban yi kuka a gaban kowa ba, har aka riƙa yabona. Mu a gidanmu a wajen Badafi kakata ce ta raine ni, Bafulatana ce, kuma a wurinta macen da ta kama sunan ɗan farinta ko ta nuna ta damu da shi ta zubar da mutuncin dangi. Ita har ta rasu ban taɓa jin ta kira sunan babana ba, sai dai ta ce wancan. Haka na tashi, haka na zama. Shekara kusan goma ke nan ban sa shi a ido ba, kuma ban taɓa buɗe baki na ce wa wani mahaluki ina kewarsa ba. Mijina na yanzu, Abban Ummi, mutumin kirki ne, ya san da yaron, ya taɓa tambayata ko a nemi labarinsa. Kun san abin da na ce? Na ce yana wurin danginsa, me zan yi masa. Na faɗa ina tsinke zogale, ko ɗagowa ban yi ba.

Bara na samu lambar Yaya Hajo a wurin wata mai kawo tabarmi, muka fara gaisawa ta saƙon murya in ta hau inda ake samun sabis. Ko a nan ɗin, ya gida ya yara kawai nake cewa, ita ce take gane inda na dosa. Ta faɗa mini ƙarara cewa uban ya tafi neman kuɗi can arewa, ya bar mata kashedi cewa yaron ba ya barin ƙauyen, kuma in na zo a matsayin uwa dangi za su ce ɗauke shi na zo yi, a yi tashin hankali. Amma ta ce in baƙin maigari ne suka zo, ba wanda zai hana yara fitowa kallo. Wannan maganar ce ta zauna mini a rai. Da mai makaranta ya ambaci tsallaka iyaka, kafin ya rufe baki na riga na ga hanya.

Ni aka damƙa wa shirin gaba ɗaya, tunda ni na nace. Na yi zirga-zirgar Kano har takalmina ya cinye, neman izini, takardun yara na tsallaka iyaka, allurar rigakafi, na sami kamfanin da zai ba mu doguwar mota da direba, aka ba su kafin alƙalami. Na sami wani malami a Damagaram, Mushe Laminu (haka suke kiran malamin boko a can), wanda zai sauke mu a makarantarsu ya zaga da mu. A tsarin da na yi, bayan an ga duwatsun gari da lambuna, akwai yini guda na zuwa ganin tuddan yashi, sai na ce a ƙauyen su Yaya Hajo za a gan su. Akwai tuddan a can, ban ƙaga ba. Kuma lokacin da na tsara, hutun bazara za a yi tafiyar, ƙasa a bushe, babu abin da zai sami kowa. Ina ce wa kaina wa na cuta? Yara za su ga yashi, ni zan ga nawa, kowa ya koma gida.

Sai takardu suka maƙale, hutun bazara ya wuce, aka ɗage tafiyar zuwa wannan dogon hutun. Tsakiyar damina.

Satin da ya wuce ina tsakar gida ina wanki Mushe Laminu ya kira. Ya ce ya bincika hanyar ƙauyen nan. Daga inda aka sauka daga kwalta akwai wani kwari, busasshen rafi ne mai faɗi, da rani ko keke yana wucewa, amma da damina in an yi ruwa a can sama, ko a nan rana ake ƙwalla, sai ruwa ya taho gaba ɗaya ba sallama. Ya ce mutanen wurin su kansu sai sun tsaya sun dubi gabas kafin su shiga, kuma doguwar mota in ta kafe a yashin tsakiya ba ta fita da wuri. Ya ce akwai wasu tuddan a bakin kwalta, sun fi na ƙauyen girma da kyau, me zai hana a je can? Jama'a, ni zai koya wa wannan? Ni da nake tsayawa gaban allo ina zana wa yara yadda irin wannan ruwan yake tahowa, har in ce su ja layi a ƙarƙashi? Na san gaskiya ya faɗa tun kafin ya gama. Amma na ce masa a bar tsarin yadda yake, hukumar makaranta ta riga ta sa hannu, in ya so ranar ma duba sama. Ya ce to, ku ne da yara.

Washegari shugaban makaranta ya tare ni a baranda, ya ce ya ake ciki da mutumin Damagaram, hanya lafiya dai ko? Na ce lafiya ƙalau, ya tabbatar mini. Haka ta fito daga bakina sumul, ko inda-inda ban yi ba. 

Ranar Asabar aka yi taron iyaye. Mutanen nan sun baro gonakinsu ana tsakiyar aiki, wasu da taɓo a ƙafa, suka zauna a kan bencin yara suna saurarona ina nuna musu hanya a taswira, daga nan zuwa Kano, zuwa Daura, a tsallaka. Na nuna ƙauyen da kan alli na wuce da sauri. Ba wanda ya tambayi komai game da shi, don sun yarda da ni. Da aka watse sai wani dattijo ya tsaya, malamin allo ne daga wajen Doguwa, mahaifin wata ɗalibata Rabi, yarinya mai ƙoƙari wadda ta fi kowa son zuwa teku amma ko sau ɗaya ba ta nuna mini fushi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Rabi ba ta taɓa kwana a wani gida ba in ba nasa ba, kuma da farko ya hana, sai da aka ce masa ni ce zan tafi da 'yan matan. Ya ce ya yi tambaya a kaina, an ce ina da faɗa amma ba na ƙarya.

"Malama, ga amana nan. Inda ba za ki kai ɗan cikinki ba, kada ki kai mini ita."

Na ce, "In Allah ya yarda, Allah gafarta Malam." Ban iya ɗaga kai ba. Shi ya ɗauka ladabi ne, ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan cikin nawa ai yana can tsallaken kwarin, kuma don shi zan ɗauki tasa in shiga da ita.

Na dawo gida na yanke cewa shi ke nan, zan cire ƙauyen, a je tuddan bakin kwalta, ba wanda zai san an yi. Har na ɗauko waya zan kira Mushe Laminu, sai na ga saƙon murya daga lambar Yaya Hajo. Na buɗe ina jiran muryarta, sai na ji ta yaro, ta fara buɗewa irin ta mai shirin zama saurayi, da wannan Hausar tasu ta can. Ya yi sallama, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa, sannan ya ce, "Inna Hajo ta ce ke kika haife ni, wai za ki zo da 'yan makaranta. Da gaske ne? In kun zo ni ne zan sa shuɗiyar riga, don ki gane ni."

Don in gane shi. Ɗan da na goya, sai ya sa riga zan gane shi. Na shige bayan ɗaki na toshe bakina da zani na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da shi. 'Yata Ummi ta zo tana tambaya me ya sami Mama, na ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ban hura ba. Har yanzu ban ba yaron amsa ba. In ce masa me?

Na san wasu za su ce in kin isa Damagaram ki bar yara ki hau babur ki je ke kaɗai. Ni kaɗai ce mace a cikin malaman da za su tafi, 'yan matan a hannuna suke dare da rana, in na matsa wa zan bar wa? Kuma in na je ni kaɗai na zama uwar da ta zo ɗaukar ɗa, abin da Yaya Hajo ta ce kada a yi. Abban Ummi ma izinin aikin makaranta ya ba ni, bai san garin tsohon mijina na nufa ba. In na faɗa masa yanzu, da wane ido zan dube shi, ni da na ce me zan yi wa yaron? In na je na faɗa wa shugaba gaskiya, ƙila a soke tafiyar gaba ɗaya, yaran da na hana ganin teku su rasa yashin ma, kuma gari ya ɗauka cewa malama ta yi wa iyaye ƙarya don ta je garin tsohon miji. Ba wanda zai ce ɗa, miji za a ce, kun san bakin mutanenmu. In na cire ƙauyen a ɓoye na tsira da mutuncina, amma akwai yaro da zai sa shuɗiyar riga ya tsaya a bakin hanya har rana ta faɗi. In kuma na murje ido muka je, ƙila ranar sama ta yi tas mu wuce lafiya, wannan ne shaiɗan yake ta raɗa mini. In ba ta yi ba fa? Me zan ce wa mahaifin Rabi?

Kamfanin mota sun kira jiya suna so in tabbatar musu da hanya kafin Juma'a, don direba ya san man da zai sha. Wayar tana hannuna, saƙon yaron yana ciki, na saurare shi har na haddace inda yake jan numfashi.

Ga shi na rubuto muku duk wannan, a inda ba wanda ya san ni, na sauya sunan kowa, amma shi ko na ƙarya na kasa ba shi, har yanzu yaron nake cewa. Don Allah iyaye mata, musamman waɗanda suka san wannan kunyar da aka raine mu da ita, ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?