Mabiyiyar da Na Ciro Daga Bokiti

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, rufa mini asiri ka cire sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma duk mai shirin cewa in ba da haƙuri, ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ni ungozoma ce a wata matarnite, wato asibitin haihuwa, ta gwamnati nan Agadas. Ba ni da takarda, hannu gare ni. Aikin nan gadonmu ne. Lokacin da Faransawa suka ci garin nan, kakan babana suka kama da ƙarfi ya riƙa ɗaukar wa likitan sojansu akwatin magani, shi kaɗai ne ɗan ƙasa a wurin. Kakata ta ce in an hango shi tafe, mata har ƙarƙashin gado suke tura 'ya'yansu don kar a yi musu lamba. Shekara da shekaru aka yi ana lallashin mutane kafin su yarda su kawo kansu.

Da na fara aiki mu uku ne, shugabanmu da muke kira majo, ni, sai mai gadi. Ni ce karɓar haihuwa, ni ce wankin ɗaki, ni ce tafinta ga matan daji da ba sa jin komai sai Tamashek. Yau an ƙaro ma'aikata har kujeru ba sa isar mu, ga sajfam, wato ungozomomi masu difloma, ga masu awo, ga 'yan koyo. Wallahi ban ƙi ba, mata sun mutu a hannuna don babu mai ilimin ceton su, yanzu ana ceto. Sai dai duk wadda aka turo sai an ɗan matsar da ni baya, har na koma mai miƙa safar hannu.

Ranar Talata da hantsi aka kawo wata daga wajen Cirozerin, haihuwar fari, uwarta na biye. Ta sauka lafiya. Sabuwar sajfam ɗinmu, mai kirki ce amma baƙuwa, ta jefa mabiyiya cikin bokitin da ake kaiwa ƙonawa, yadda aka koya mata. Tsohuwa kuwa tana bakin ƙofa da ƙwarya da farin ƙyalle tana jira, don a wurinmu wanke ta ake yi, a kai gida a binne, ba a haɗa ta da shara. Da ta gane abin da aka yi sai ta ce mini da ta sani da a bukkarsu 'yarta ta haihu, kuma sauran 'ya'yanta ba mai tako nan. Ban tambayi kowa ba. Na sa safar hannu, na ciro ta, ita kaɗai ce ma a bokitin, na wanke na naɗe na miƙa mata.

Majonmu na yanzu ya kira ni buro, wato ofishinsa. Ya ce Tanti kin karya doka, kin kunyata ma'aikaciya gaban jama'a. Na ce doka ta hana cuta ce, kuma da safar hannu na taɓa, a nuna mini wanda na cuta. Ya ce zamanin mutum uku ya wuce. Ya ba ni zuwa Juma'a in sa hannu a takarda cewa na yi laifi kuma ba zan sake ba, in ba haka ba ya fitar da ni daga ɗakin haihuwa ya kai ni wurin ba da tikiti.

Raina ya ɓaci ƙwarai. In na sa hannu na yi ƙarya, don gobe ma aka jefa sai na ciro. In na ƙi, matan daji za su shigo ɗakin ba mai jin bakinsu, kuma na san su, komawa gida za su yi su haihu can.

To me zan yi, jama'a? In sa hannu don in zauna kusa da su, ko in ƙi a fitar da ni? Akwai abu ɗaya da ban faɗa wa majo ba, don ina jin nauyin uwarsa. A ɗakin nan aka haife shi, ni na yanke masa cibiya. Tasa mabiyiyar tana binne a tsakar gidan kakarsa, kuma ni na wanke ta.